Ɗaukar Hoto a Ƙasar Rana: Jawabi ga Masu Koyo



Na san akwai waɗanda, da suka ga sanarwar wannan lacca, suka tambayi kansu, me ya haɗa malamin Hausa da ɗaukar hoto? Tambayar tana bisa hanya. Ni ba mai hoto ba ne, ban taɓa buɗe shago ba, ban kuwa taɓa cin ko kwabo da kyamara ba. Kuskure ne ya jefa ni cikin wannan fage, kuma da shi zan fara, domin kusan duk abin da zan faɗa yau daga cikinsa ya fito.

Shekara 20 da ɗoriya ke nan, ina ɗalibi a ajin ƙarshe, aka ɗora mini aikin tattara sunayen ɗinkin hannu na manyan riguna. Aka haɗa ni da wani dattijo maɗinki a wani ƙauye, wanda ya tsufa a zaure guda da allura a hannu. Kwana uku ina zuwa wurinsa, yana shimfiɗa mini riguna yana nuna mini aska biyu da aska takwas da tambari, ina rubutawa. Ran da zan yi sallama na ce, "Baba, ina so in ɗauke ka hoto." Ya shiga gida ya sako farar riga ɗinkin hannunsa, ya naɗa rawani. Na duba zauren na ga kamar da duhu, sai na fito da shi fili, rana tsaka, na tsai da shi jikin bangon da aka shafe da farar ƙasa, na danna sau huɗu. A lokacin da fim ake aiki, ba a ganin abin da aka ɗauka sai an kai an wanke. Bayan mako biyu na karɓo hotunan. Riga ta fito, rawani ya fito, bango ya fito, amma tsakanin rawani da wuyan riga sai wani baƙin dunƙule, ba ido ba hanci. Da na koma bayan damina aka ce mini Allah ya yi masa rasuwa. Babban ɗansa ya ce, "Malam, ina hoton Baba?" Ashe ba su da wani. Na miƙa masa abin da ke hannuna, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "To, rigarsa ce dai."

Kyamarar nan ba ta da laifi. Ta yi abin da aka ƙera ta domin ta yi. Yau kusan kowa a ɗakin nan yana da kyamara a aljihu cikin wayarsa, wadda ta fi tawa ta wancan lokaci nesa ba kusa ba, amma har yanzu ina ganin wannan baƙin dunƙule a hotunan ɗaurin aure, da kundayen ɗalibai, da rahotannin ma'aikatu. Dalili kuwa shi ne, kyamara ba ta gani, awo kawai take yi. Mai riƙe da ita shi zai gani a madadinta. Bugu da ƙari, galibin littattafan koyar da wannan sana'a an rubuta su ne a ƙarƙashin wata rana dabam da tamu, domin wata fata dabam da tamu.

Bari in ɗan tsaya kan kalmar kanta, tun da aikina ke nan. Kalmar hoto baƙuwa ce. Daga Turanci muka aro ta, muka sa mata tufafin gida: harafinta na farko ya koma h, kamar yadda wasu ke cewa fuɗu wasu huɗu, muka kuma yi mata jam'i irin namu, hotuna. Su ma Turawan ba tasu ba ce, daga kalmomi biyu na Girkanci suka ƙera ta, ɗaya tana nufin haske, ɗaya rubutu ko zane. Watau ɗaukar hoto rubutu ne da haske. Ita kuwa kyamara, a harshen Latin ma'anarta ɗaki. Duk wanda ya taɓa kishingiɗa da rana a rufaffen ɗaki, ya ga surar masu wucewa tana tafiya a jikin bango kai ƙasa ƙafa sama, ta wata 'yar huda a ƙyaure, to ya riga ya zauna cikin kyamara. Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi gwaje-gwaje da irin wannan ɗaki mai duhu, ya kuma kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa ba ido ke fitar da haske ya taɓo abu ba, hasken ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama surar ta zauna. Wani Bafaranshe mai suna Niépce ya yi nasarar haka wajen 1826, bayan ya bar akwatinsa a buɗe a bakin taga sa'o'i masu yawa. A 1839 aka bayyana hanyar Daguerre a birnin Faris. A 1888 George Eastman ya fito da akwatin Kodak a Amurka, mai ɗauke da fim na hoto 100, wanda in ya cika sai a aika wa kamfanin ya wanke. A 1975 wani injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Kowane mataki daga cikin waɗannan ya rage wa hannu aiki. Aikin ido kuwa yana nan yadda yake tun zamanin Ibnul Haisam.

To, mene ne ya faru da fuskar dattijon nan? A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, kuma an gina shi ne bisa wani zato guda: cewa idan aka gauraya duk fari da baƙin da ke gaban kyamara, za a sami ruwan toka matsakaici. Masu sana'ar har kati suke da shi na wannan launi, wanda ke mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa. Galibi zaton yakan yi daidai. Amma sa'ad da na cika idon kyamara da farar riga da farin rawani da farin bango, sai ma'aunin ya ce haske ya yi yawa, ya rage. Ya mai da fari ya zama toka-toka, abin da kuwa yake da duhu tun asali, watau fuska, ya faɗa cikin baƙi ƙirin. Ku duba shigar da muke yi ran Juma'a da ran Salla da ran suna: fararen kaya, baƙar fuska. Wannan tarko kullum a ɗane yake a ƙasarmu.

Maganin gaggawa mai sauƙi ne. A waya, kafin ka ɗauka, taɓa fuskar mutumin a kan gilashi da yatsa. Da haka ka gaya wa wayar cewa fuskar nan za ta auna, ba rigar ba. Galibin wayoyi za su nuna 'yar alamar rana a gefe, wadda in ka ja ta sama haske ya ƙaru. A kyamara kuwa akwai maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa. Ka ƙara mataki ɗaya, ka duba, in bai isa ba ka ƙara rabi. Sai dai akwai ramuwa: in ka ƙara haske domin fuska a tsakiyar rana, rigar za ta ƙone fari fat, aikin allurar da ke jikinta ya ɓace. Tazarar da ke tsakanin farar shadda a rana da fuska a inuwar rawani ta fi ƙarfin abin da kyamara ke iya riƙewa lokaci guda, ko da yake idon mutum yana riƙe ta ba tare da ya sani ba. Saboda haka magani na ainihi shi ne a sake wuri, ba a yi ta murɗa maɓalli ba.

Kada wani ya ɗauka cewa fatarmu ce ke da wuyar ɗauka. A shekarun 1950 da bayansu, masu wanke fim mai launi a Amurka sun kasance suna daidaita injinansu ne da wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. In fatarta ta fito daidai, an ce inji ya daidaita. Wata malama a Kanada, Lorna Roth, ta yi nazarin wannan al'amari a 2009, ta nuna cewa daga cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin har da koke-koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hotunan talla. An sami gyara mai yawa tun daga lokacin. Amma ya kamata mai koyo ya sani cewa abin da injin ke ɗauka a matsayin daidai, wasu mutane ne suka zaɓa, ba daga sama ya faɗo ba, saboda haka yana da ikon ya saɓa masa.

Sai maganar rana. Sa'ad da nake karatu a Ingila na sayi littafin koyon hoto, na ga marubucin yana yabon hasken rana kamar wanda ya tsinci dami a kala. Yana da hujja. Landan tana wajen digiri 51 arewa da tsakiyar duniya, kuma ko a tsakiyar bazararsu rana ba ta wuce digiri 62 a sama. Kano kuwa tana digiri 12. A watan Disamba, lokacin da ranarmu ta fi karkata, tana kai wa wajen digiri 55 da tsakar rana, kusan ƙololuwar tasu ke nan. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, takan tsaya cak a tsakar ka, har mutum ya taka inuwarsa. Hasken da ke saukowa daga bisa kai yana haskaka goshi da karan hanci, ya bar idanu cikin rami. In an ƙara da bakin hula ko rawani ko mayafi, sai rabin fuska ya tafi. Ga kuma mutum yana ta ƙanƙance ido saboda zafi.

A nan harshenmu ya riga ya yi mana rabin aiki, domin Bahaushe ya raba yini da sunaye bisa ga tsayin rana, kuma kowane suna irin haskensa dabam. Daga fitowar rana zuwa hantsi haske yana zuwa ne daga gefe, da laushi, yana shiga ƙarƙashin hula ya taɓa ido. Da walaha ya fara tauri. Daga nan har bayan azahar, in ba dole ba, kada ka tsai da ɗan Adam a fili. Da la'asar ya soma dawowa, da la'asar sakaliya kuwa sai ya zama ja-ja mai daɗi, wanda ke sa baƙar fata ta yi sheƙi, ginin ƙasa ya yi kamar an shafa masa zuma. Amma a yi hanzari. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana gangarawa ne kai tsaye, almuru gajere ne, kafin ka gama gyara tsayuwa an kira magariba.

In kuwa dole ta sa sai da tsakar rana, kamar yadda ɗaurin aure da bikin buɗe asibiti suka saba faɗawa, to a nemi inuwa mai buɗaɗɗen gaba: rumfa, ko baranda, ko gefen gini. A guji gindin bishiyar da rana ke ratsa ganyenta, domin takan yi wa fuska dabbare-dabbare. Wurin da ya fi duka kuwa, a ganina, shi ne wanda na guje wa a ranar nan, watau bakin zaure. Zaunar da mutum taki ɗaya ko biyu daga cikin ƙofa, ya fuskanci waje a ɗan karkace, kai kuma ka tsaya daga gefen ƙofar, kada ka tare hasken. Hasken da ya bugi ƙasar waje ya shigo ya riga ya yi laushi, yana zuwa daga gefe guda, yana fito da ƙirar fuska, duhun cikin zaure kuma ya zama bango mai tsabta a bayansa. In gefen fuska ɗaya ya yi duhu da yawa, sa yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali daga wancan gefen, hasken zai dawo. Masu shagon hoto suna kashe kuɗi mai yawa kan fitilu domin su kwaikwayi abin da maginan gargajiya suka ba mu kyauta. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, wanda kuma ake rataye hotunansa a manyan gidajen nune-nune na duniya, galibin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken Allah.

Ga ma'aikatan ofis ina da ƙorafi na musamman. Duk sa'ad da za a miƙa takardar yabo ko a sa hannu kan yarjejeniya, sai a tsaya a gaban taga, domin nan ne teburin mai gida yake. Sakamakon shi ne hoton taga mai kyau da inuwoyi biyu suna musafaha. Juyawa kawai ake bukata: taga ta koma bayan mai ɗauka ko gefensa. Ita kuwa walƙiyar kyamara, ƙarfinta ba ya wuce 'yan takuna kaɗan. Tana sa goshi ƙyalli, ta jefa baƙar inuwa a bango, ta bar duk wanda ke sahun baya cikin duhu. Da dare gara ka jawo mutum kusa da fitila, ka kashe walƙiyar.

Wanda zai ɗauki gini, shi gefe yake nema. Zanen da magina ke yi a fuskar soro, irin wanda ake gani a tsofaffin unguwannin Zariya da Kano, tudu da kwari ne a jikin bango, kuma inuwa ce ke bayyana shi. In rana ta bugi bangon gaba da gaba sai zanen ya shafe, in ta zo ta gefe tana shafar bangon sai kowane layi ya miƙe. Ka je ka duba lokacin da haka ke faruwa, ka dawo gobe a daidai wannan sa'a. Hazon hunturu yana tausasa haske, yana yi wa fuska kyau, amma wanda ya hau Dala cikin Janairu domin ya ɗauki birni zai sauko da farar takarda; ya jira bayan an ɗauke ruwa da damina, lokacin da iska ta wanku. Kuma a hunturu ƙura tana kwanciya kan idon kyamara. A hure tukuna, sa'an nan a goge da ƙyalle mai laushi, domin yashi yana karce gilashi.

Na daɗe kan haske domin nan ne muka fi yin asara. Bari in juya ga tsari, watau abin da za a sa cikin hoto da inda za a ajiye shi. Ido yana da son kai: abin da zuciya ke so shi yake gani. Ka dubi ɗiyarka ran saukar karatu, ita kaɗai ka gani. Kyamara ba ta san ɗiyarka ba. Za ta ɗauko ta tare da buta da takalman da ke bakin ƙofa da igiyar shanya da falwayar da ta tsiro daga tsakar kanta. Saboda haka kafin ka danna, kewaya da idonka kusurwoyi huɗu na hoton, ka tambayi kanka ko kowane abu da ke ciki kai ka gayyato shi. Sau da yawa taki ɗaya hagu ko dama ya isa ya kawar da falwayar. Sa'an nan ka matsa kusa, ka ƙara matsawa. Mai koyo yakan tsaya nesa don kunya, ya bar mutum kamar ƙuda a tsakiyar faifai. Ka matsa da ƙafarka, kada ka jawo da yatsa a kan gilashin waya, domin galibi wannan jawowar yanka hoton kawai take yi ta buɗa shi, ingancinsa ya ragu. Kuma hoto ɗaya magana ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai ƙa'idar da za ku tarar a kowane littafi, wadda wani Bature mai zane, John Thomas Smith, ya ambata a rubuce tun 1797. Ana raba fili gida uku a tsaye, gida uku a kwance, a ajiye abin da ake nufi a kan ɗaya daga layukan ko inda suka gicciye, maimakon tsakiya. Wayoyi suna iya nuna waɗannan layuka in an kunna su, kuma ina ba mai koyo shawara ya kunna, ko don su taimake shi ya daidaita gini kada ya karkace. Ƙa'idar tana da amfani ga mai tafiya, da mahayin doki wanda ya kamata a bar masa fili a gabansa, da manomi a gona. Amma ni ban ɗauke ta farilla ba. Sarki a ƙarƙashin laima da fadawa dama da hagu, ko ƙofar soro da zankwayenta biyu, tsakiya suke so, domin daga daidaituwar gefe da gefe kwarjininsu yake fitowa. Haka nan maganar abin da ke bayan mutum. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara tattara hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya yi wajen 1,000, yakan sa bango fili ba ado, sau da yawa ya ɗauko kan daga baya, domin kitson kaɗai yake so a gani. Keïta kuwa yakan rataya zane mai ado a bayan mace mai sanye da tufa mai ado, abin ya yi kyau. Hanyoyinsu sun saɓa, amma kowannensu shi ya zaɓi abin da ke bayan, ba tsintarsa ya yi ba.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne tsayin da kyamara take. Duk muna ɗauka ne daga tsaye, domin a tsaye muka zo. Ɗaukar dattijo yana zaune a kan buzu kai kana tsaye a kansa rashin ladabi ne, kuma hoton ma yakan nuna haka: kai ya yi girma, jiki ya tsuke, mutum ya ƙanƙance. Durƙusa, idon kyamara ya yi daidai da nasa. Haka za ka yi wa yaro. A marinar Ƙofar Mata, mai tsayuwa ramuka kawai zai samu a warwatse. Wanda ya tsuguna a bakin rami guda zai sami hannun marini shuɗi a gaba, jerin ramukan kuma yana jan ido zuwa ciki. Ma'aikacin da aka aika duba aiki, shi kuma, ya tuna cewa wanda zai karanta rahoton bai je wurin ba. Hoton zaizayar ƙasa ko tsagewar bangon aji ba ya faɗin girmansa sai an tsai da mutum a gefe ko an jingina sanda. Ya ɗauko daga nesa yadda za a gane wurin, sa'an nan ya matso ya ɗauki ɓarnar.

Mutanenmu da sun ga kyamara sai su ƙame kamar sojan da ke fareti, ko kunya ta sa su sunkuyar da kai. Kada ka ce a yi murmushi. Ka ja mutum da hira, ka tambayi maƙeri abin da yake ƙerawa, ka bar shi ya koma kan aikinsa. Kuma a nemi izini, musamman ga mata da yara da mabukata. Wanda bai yarda ba a ƙyale shi.

Saura saiti. Hoto yakan yi dishi-dishi ta hanya biyu, kuma magungunansu dabam ne. Ta farko, kyamara ta saita kan abin da ba shi ake nufi ba. Ita tana son abu mai layuka da ado, saboda haka takan bar fuskar amarya ta kama labulen da ke bayanta. A hoton mutum ido ake saitawa, idon da ya fi kusa da kai. In ido ya fito tar, za a yafe sauran. A waya taɓawar nan da na ambata ita ce saitin. A kyamara ana danna maɓalli rabi, a jira ta kama, sa'an nan a ƙarasa. Akwai kuma 'yar ƙofa cikin idon kyamara mai buɗewa da tsukewa, da lambobi kamar 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Lamba ƙarama ƙofa babba. Kowane mataki zuwa sama yana rage rabin haske. In ƙofar ta buɗe sosai, abin da aka saita kaɗai zai fito, gaba da baya su narke, wanda ya dace da mutum ɗaya. In jama'a ce sahu uku, a tsuke zuwa 8 ko 11, a saita kan sahun gaba ko na biyu. Wayoyi suna kwaikwayon wannan narkewa da lissafi, kuma sau da yawa sukan cinye gefen ɗankwali ko kunnen hula, sai a duba.

Ta biyu motsi ne, naka ko na abin da kake ɗauka. Kyamara tana ƙiftawa kamar ido, kuma in haske ya yi ƙaranci takan daɗe ido buɗe, duk rawar hannu ta shiga hoto. Ka riƙe da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka jingina da bango, ka danna a hankali. In ƙiftawar ta fi kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa daɗewa, hannu ba abin dogara ba ne, a ɗora kyamara kan wani abu. Mai tafiya yana bukatar wajen 1 cikin 250, dokin da ke sukuwa ran hawan Salla kuwa wajen 1 cikin 1,000. Dabarar masu ɗaukar jahi ita ce su saita tun da wuri kan inda dawakin za su ja birki a gaban sarki, su jira.

Ɗalibaina na sashen Hausa, ku wannan magana ta fi shafa, domin ku ake aikawa gidajen malamai ku ɗauko rubuce-rubucen ajami. A rubutun Magaribi da malamanmu suka gada, ɗigo ɗaya a ƙasa ko a sama shi ke raba fa da ƙaf, ɗigon imala kuma shi ke nuna wasalin e. Hoton da ya ɗan yi dishi-dishi ya shafe ɗigo, ya sake kalma, ya ɓata baiti. Shimfiɗa takardar a kan baƙin ƙyalle kusa da ƙofa, ban da walƙiya. Wayar ta yi daidai da takardar kamar murfi da tukunya, kada ta karkata, kada kuma inuwarka ta faɗa kai. Gefuna huɗu duka su shiga, har da sharhin da ke gefe, a ajiye abin awo kusa. Takardun nan warwara suke cikin gafaka ba ɗinki, saboda haka a bi su ɗaya bayan ɗaya yadda aka same su, gaba da baya. Kafin ka tashi ka yi sallama, buɗa kowane hoto da yatsa ka tabbata kana iya karanta ƙaramin rubutu. Wannan dama ce da ni ban samu ba a zauren maɗinkin nan. In za ka aika ta WhatsApp, aika shi a matsayin fayil, domin in ka tura shi yadda aka saba manhajar takan matse shi ta rage masa inganci.

Shugaba, zan rufe da roƙo guda ga kowa da ke nan. A cikin makon nan, da hantsi, a zaunar da wanda ya fi kowa tsufa a gida a bakin ƙofa daga ciki, a durƙusa, a taɓa fuskarsa a gilashi, a ɗauka, a duba ko idanu sun fito. Sa'an nan a kai a wanke kwafi biyu a takarda, domin waya tana faɗawa ruwa, tana kuma bin ɓarawo. A rubuta sunansa da na mahaifinsa da garin da ranar a bayan hoton, a ba wani ɗan'uwa kwafi ɗaya ya ajiye a wani gida dabam.